K. Assainar Biyu a Sama Rana Ɗaya

Maskat, 20 ga Yuli, 2002

Zuwa ga ƙanena, ɗan ƙanwar Umma, kuma takwarana, Assainar Ƙarami, gidan Kandoth, Talasseri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya. Yaya gwiwoyin Umma da wannan damina? Ka tabbatar tana shafa man da na aiko, ba ta ɓoye shi a akwati ba. Ka gaida 'yata Ramlat, ka ce mata ta kula da kakarta. Ina gaida matarka da yara. Ni lafiyata ƙalau sai ciwon baya, yanzu kuwa za ka ji waɗanda suka jawo min shi. Na yi ta buga wayar gida ba ta shiga. An ce min bishiyar kwakwa ce ta faɗo a kan layin tun watan jiya, kuma na san ku, sai ruwa ya ɗauke za a tuna da gyara.

Ka san shekara shida ke nan ina hawa jirgin kamfani ɗaya tsakanin Maskat da Mumbai, sau biyu a wata, ina sayo wa maigidana kayan gyaran famfo. Akwai masu araha, ban kalle su ba. Akwai masu tashi a kan lokaci, su ma ban kalle su ba. Na liƙe wa waɗannan saboda makin da suke rubuta wa mutum a kowace tafiya, kuma ka san dalili. Umma ba za ta iya naɗe ƙafa awa shida a kujerar baya ba. Na yi mata alkawarin zan kai ta Umra a faffaɗar kujerar gaba, irin wadda ake kwantarwa, ni ina gefenta. Na sha rubuta mata cewa makin nan nata ne, ba nawa ba. Dubu ɗari da ashirin ake nema, saura dubu takwas in cike, wato kafin azumin bana.

To, ranar goma sha huɗu ga wata ina Mumbai zan dawo. Jirgin ƙarfe goma na safe, suka ce sha biyu, suka ce biyu, daga nan suka daina cewa komai. Na ɗauki katina na zinariya, wanda kamfanin ke ba masu yawan tafiya, na nufi ɗakin manyan baƙi, inda ake ba mu shayi da wurin miƙe ƙafa. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta dubi na'urarta, ta dube ni.

“Yallaɓai, ai ka riga ka shiga yau.”

“Na shiga ina?”

“Ɗakinmu na ɗaya ginin, wajen jiragen cikin gida. Ƙarfe tara da kwata, kai da baƙuwarka. Sau ɗaya ake shiga a rana.”

Baƙuwa! Ni da shekara tara da rasuwar matata ban ko sha shayi da wata mace ba. Na ce ta kira min babbanta, ta ce ya tafi cin abinci. Haka na yi awa takwas a kan bencin ƙarfe da kati a aljihu. Da muka shiga jirgi da yamma, kujerar gefen hanya da na kama tun mako biyu sun ba wani, ni an cusa ni a tsakiya, tsakanin mai munshari da mai jarida. Kafin nan ma sun caje ni kuɗin kilo bakwai, wai samfurin famfo ba ya cikin ƙarin kaya da katina ke ba ni.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne da na je ofishinsu a nan don in yi ƙorafi, sai akawun ya ce makina dubu sittin da huɗu ne. Dubu arba'in da takwas sun tafi. Wai ni na karɓi tikiti biyu da su a ofishinsu na Kalikat, zuwa Delhi. Me na ajiye a Delhi?

Adireshin gida na ba su tun farko, don haka duk takardunsu nan suke zuwa. Ka tattara min su ka aiko da sauri, kuma ka bincika ko wani ya taɓa su. Kada ka gaya wa Umma tukuna, ranta zai ɓaci.

Yayanka,
K. Assainar

Talasseri, 1 ga Agusta, 2002

Zuwa ga Ikka, wato Yaya da harshenmu, babban yayanmu da ya girme ni da wata bakwai cif.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kana lafiya. Umma tana gaishe ka. Man da ka aiko tana shafawa ranar Juma'a kawai, ta ce abu mai tsada ba a yi masa kullum. Gwiwar hagu ta fi damunta idan ruwa ya kwana uku bai tsaya ba. Ramlat lafiyarta ƙalau, karatu ne ya sha mata kai, shi ya sa ba ka ga rubutunta ba. Busasshiyar kwakwa ba ta ciniki a wannan lokaci, ina zaune a shago ina korar tururuwa.

Na ji labarin bencin ƙarfe, kuma wallahi na tausaya maka fiye da yadda kake zato. Ka samu ruwan zafi ka gasa bayan.

Maganar takardu kuwa, suna nan a saman kabad, amma danshi ya kama su, wasu sun manne da juna. Ba na son in sa su a gidan waya su ƙarasa lalacewa. Ka bari idan ka zo mu zauna mu duba su tare, da ni da kai da Umma. Irin wannan magana ta fi daɗi a baki. Shekara uku rabonka da gida, ko ba don maki ba ya kamata ka leƙo.

Abu ɗaya nake roƙonka, Ikka. Kada ka yi gaggawa, kada ka je kana ɗaga wa mutanen ofishin nan murya. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya fita daga gidan nan ya faɗa hannun bare. Wannan ni na tabbatar maka da shi.

Ƙanenka,
K. Assainar na shagon kwakwa

Maskat, 12 ga Agusta, 2002

Zuwa ga Ƙarami.

Salamu alaikum. Na ji daɗin jin lafiyarku. Ka ce wa Umma kullum ake shafa man, in ya ƙare akwai wani. Ramlat kuma wane irin karatu ne zai hana ta layi biyu ga ubanta? Kwalejin Kannur dai ga ta nan kusa, bas ɗaya ce.

Madalla da kai. Maganarka ɗaya ta warware min komai. Tunda ka tabbatar babu takardar da ta fita daga gida ta faɗa hannun bare, to ɓarawon yana cikin kamfanin ne. Wani akawunsu ya ga makin bawan Allah sun taru, ya kwashe ya kai budurwarsa yawo Delhi, har da shiga ɗakin manyan baƙi ya ci abincina ina can ina gasuwa a benci. Washegarin zuwan takardarka na je wajen manajansu, wani Mista Bhatnagar, mai magana a hankali kamar yana lallashin yaro.

Ya ce min, “Malam Assainar, wanda ya karɓi tikitin ya nuna shaida. Suna ɗaya, gida ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.”

Na ce, “Ranar haihuwa? Rabin mutanen garinmu talatin da ɗaya ga Mayu aka haife su. Hedimasta ne yake rubuta wa kowa haka don shekarunsa su cika ranar buɗe makaranta. Ka tare duk wanda ka ga dama a kasuwar Talasseri ka tambaye shi.”

Ya ce, “Sunan fa?”

Na ce, “Mu biyu ne kaɗai a duniya muke da shi, ni da ɗan ƙanwar mahaifiyata, sunan kakanmu muka ci. Shi kuwa ko kwalekwalen ƙetare kogi sai ya rufe ido yake shiga, balle jirgin sama.”

Ka yi haƙuri, gaskiya na faɗa.

Ka ce kada in ɗaga murya. Ban ɗaga ba, rubutu na yi. Shafi huɗu na ƙorafi, na sa a ciki cewa zamba aka yi min, kuma ina so a kai maganar gaban 'yan sanda a Kalikat. Ya ce za su bincika. In ya tabbata ba ni ba ne, za a kira ni in sa hannu a takardar rantsuwa, su mayar min da makina duka, shi kuma wancan ya ji da kotu. Ina so in ga fuskarsa, wallahi ina so.

Kada ka zaci sun ji kunya sun gyara hali. Makon jiya sun sake riƙe mu awa uku a cikin jirgi a ƙasa, babu iska, babu ruwan sha. Na nuna wa ma'aikaciyar kati na ce akwai kujeru huɗu a gaba babu kowa, ta yi murmushi ta ce in rubuta wa ofis. Wani ɗan Kasargod da ke gefena ya ce, “Ikka, zinariyar taka ta sawa a wuya ce ko ta nunawa?” Na yi kamar ban ji ba.

Amma komai zai wuce in dai Umma ta samu kujerarta. Na fara tambayar masauki kusa da Harami, inda ba sai ta yi doguwar tafiya ba. Takardun su zauna a kabad ɗin, ba na bukatarsu yanzu.

Yayanka,
K. Assainar

Talasseri, 26 ga Agusta, 2002

Ikka,

Salamu alaikum. Kowa lafiya, in ka cire ni. Jiya da hantsi ɗan sanda ya zo shagona, a gaban masu kawo kwakwa da mai shayin da ke kallona tun ina yaro, ya tambayi wane ne K. Assainar. Ka ce kana son ganin fuskar ɓarawonka. Ka san ta, hanci ɗaya gare mu.

Na ce maka babu abin da ya faɗa hannun bare, kai kuma ka karanta abin da ranka ke so. To ga shi a fili.

Ramlat ba ta Kannur. Tana Delhi tana karatun haɗa magunguna, wanda ka ce ba za ta yi ba don ya yi nisa. Ta zauna jarrabawar ba da saninka ba, ta ci, kuma ta ci da kyau. Ranar goma sha ɗaya ga Yuli saƙon tangaraho ya zo cewa ta bayyana da kanta kafin sha biyar ga wata, in ba haka ba a ba wata gurbinta. A makon nan ruwa ya zabtaro ƙasa a kan layin dogo na gaɓar teku, jiragen ƙasa suka tsaya. Ta ɗaya hanyar kuwa babu kujera ko ɗaya, na je tasha sau biyu. Yarinyar nan ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Umma ce ta kira ni. Ta ce, “Ɗauko min takardar Babba ta watan Rajab ka sake karanta min.”

Na karanta. Da na zo wurin da ka ce makin nan nata ne, ba naka ba, ta ɗaga hannu.

“Maimaita.”

Na maimaita.

“Ya ce nawa ne ko bai ce ba?”

“Ya ce, Umma. Amma na Umra yake nufi.”

“Ban tambaye ka abin da yake nufi ba. Abin da mutum ya ba ni ya zama nawa. Na ba Ramlat. Ka tashi ka je Kalikat.”

Na ce mata ai sai mai katin ya je da kansa. Ta dube ni ta ce, “Kai wane ne sunanka?”

Ka san Umma, kuma ka san wa ke da gidan Kandoth. Na ɗauki takardar kamfanin jirgin ta ƙarshe mai lambarka da katin zaɓena na tafi. Akawun ya tambayi suna, na ce K. Assainar. Gida, na ce Kandoth. Ranar haihuwa, na ce talatin da ɗaya ga Mayu, 1959, yadda Hedimasta Nambiyar ya rubuta mana rana ɗaya a aji ɗaya. Ƙarya ko ɗaya ban yi ba. Mutumin har miƙewa ya yi ya sa aka kawo min shayi, ya ce irinmu ne ƙashin bayan kamfani. Tikiti biyu, zuwa da dawowa nawa, zuwa kawai nata, da sauyin jirgi a Mumbai. A Mumbai ɗin ne suka ga lambarka a kan tikiti suka ja mu zuwa wancan ɗaki, ban ma san da shi ba. Baƙuwar da ta ɓata maka suna 'yarka ce.

Kuma ka sani, idona biyu na shiga jirgin. Na rufe su ne kawai da ya fara gudu.

Na so in gaya maka a baki, shi ya sa na ce ka zo. Kai kuma ka zauna ka rubuta shafi huɗu. Yanzu ɗan sandan ya ce an sa maka ranar goma sha tara ga Satumba ka sa hannu a rantsuwa. In ka sa, makinka su dawo, ni kuma a kai ni kotu da sunan ɗan zamba. In ba ka sa ba, magana ta mutu. Umma ba ta san ɗan sanda ya zo ba, na roƙi mai shayi ya riƙe bakinsa.

Ƙanenka,
K. Assainar

Maskat, 5 ga Satumba, 2002

Ƙarami,

Na amsa sallama don wajibi ce. Lafiyata kada ka tambaya.

Sau uku na karanta takardarka a tsaye. Wato mako bakwai 'yata tana Delhi, gida ya sani, unguwa ta sani, ƙila har mai kawo wasiƙu ya sani, ni uban ne na ƙarshe. Na tambaye ka ita, ka ce min karatu ya sha mata kai. Kana rubutawa kana dariya ko? Kun mayar da ni hoton bango, a goge min ƙura ranar salla a wuce.

Ka ce ba ka yi ƙarya ba. Ka ɗauki lambata da ba taka ba ka miƙa wa mutum, ya kira ka ƙashin bayan kamfani, ka sha shayinsa ka yi shiru. Bayan wa? Nawa ne ya lanƙwashe shekara shida a kujerar tsakiya. Ni na kwana a garuruwan da ban yi niyya ba don jirginsu ya lalace, ni na ci busasshen burodinsu, ni na ƙi jirage masu araha maigidana yana yi min kallon mahaukaci. Kowane maki a cikin dubu arba'in da takwas ɗin nan na san ranar da na same shi. Kai ka kwashe su da safiya ɗaya da katin zaɓe.

Umma kuma tsohuwa ce, ta kama kalma ta riƙe. Kai da ka yi makaranta fa? Ka san azumin bana nake nufi. Ka san likita ya ce baɗi ƙila ko tsayuwa ba za ta iya ba. In ban kai ta bana ba, yaushe zan kai ta?

Na ce Ramlat ba za ta je Delhi ba, kuma ina da dalilina. Ita kaɗai uwarta ta bar min. Ba ku tambaye ni ba don kun san amsata.

Ranar sha tara zan je ofishin. Alkawari na yi wa mahaifiyata kuma zan cika shi. Kai ka nemi lauya, ka gaya masa labarin Hedimasta Nambiyar.

Wai me ka ci a ɗakin? Ina so in san abin da na yi awa takwas a benci dominsa.

K. Assainar, na gaskiyar

Talasseri, 14 ga Satumba, 2002

Ikka,

Salamu alaikum. Na ba wani ɗan unguwarmu da zai koma Maskat jibi wannan takarda, don ta riga ranarka. Umma na nan, gwiwa ta ɗan yi sauƙi da ruwa ya rage.

Ƙwai biyu da shayi na ci. Ramlat ba ta taɓa komai ba. Ta tsaya a taga tana tambayar mai hidima a wane gini jiragen Maskat suke tashi, don ta san ranakun tafiyarka sarai. Ya nuna mata. Ta ce in mun yi sauri za mu iya zuwa mu dawo. Ni na hana, don na san za ka kamo hannunta ka mayar da ita gida.

Ka sa hannu a takardarka da cewa kai ne na gaskiyar. To, bari in gaya maka inda na ƙaryar ya yi aiki. Shekara tara, duk ƙarshen zango, wa ya sa hannu a sakamakon Ramlat wurin da aka rubuta uba? K. Assainar. Malamai ba su taɓa tambaya ba, sunan ya dace. Ranar da aka yi wa Umma aikin ido suka ce sai ɗanta ya amince, kana Mumbai kana zaɓen famfo, wa ya amince? Da aka zo raba iyakar filin bayan gida, da hukumar lantarki ta yanke mana wuta, da Ramlat ta faɗi daga keke aka yi mata ɗinki bakwai tana kuka tana kiran ubanta, wanda ya je duk sunansa ɗaya da naka. Ka sani, wasu ma kai ka rubuto ka ce in je in sa maka. A lokacin ba ka rubuta shafi huɗu ba. Sai da sunan ya taɓa makinka ka tuna mu biyu ne.

Sau biyu a wata kana sauka a Mumbai. Daga can zuwa Kalikat awa ɗaya da rabi ne, yanzu na sani, na hau. Shekara uku ba ka yi wannan awa ɗaya da rabin ba. Na san gidan yana tuna maka da marigayiya, ban taɓa faɗa ba sai yau da ka ƙure ni.

Kada ka zaci Umma ba ta san abin da ta bayar ba. Fararen kayan da ta ɗinka na Umra tun bara, ranar da muka tafi ta naɗe su ta mayar ƙasan akwati. Matata ce ta gan ta tana kuka. Ba ta sake ambaton Makka ba, sai dai kullum ta tambaya ko Ramlat ta samu bargo.

Ba roƙonka nake yi ba. In ka ga kotu ce ta dace da ni, zan sa farar rigata in je. Amma abu ɗaya na daina. Makarantar Ramlat ta aiko takardar ɗakin kwana, tana son sa hannun uba kafin tsakiyar Oktoba, in babu a fitar da ita ta nemi haya a gari. Da a da ne da tuni na sa na mayar. Tana nan a saman kabad, ban taɓa ta ba, kuma ba zan ƙara rubuta sunan nan a madadinka ba.

Ƙanenka duk da haka,
Assainar

Maskat, 19 ga Satumba, 2002

Ƙarami,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo shekaranjiya. Ka gaida Umma da mutanen gida. Baya na nan yadda yake.

Daga ofishin nake. Sun sa min ƙarfe goma, sai sha ɗaya da rabi aka shigar da ni, ka ga ko a ƙasa ba sa tashi a kan lokaci. Mista Bhatnagar ya turo min takardar rantsuwa da alƙalami, har ya nuna min layin da yatsa.

Ya ce, “Nan kawai. Gobe makinka sun dawo, kuma za mu ƙara maka dubu biyar na ban haƙuri.”

Na lissafa a raina, saura dubu uku ke nan, 'yan tafiye-tafiye kaɗan. Na ɗauki alƙalamin. Na karanta layin da ke cewa wanda ya karɓi tikiti ba K. Assainar na gidan Kandoth ba ne.

Na ce, “Wannan layin ba daidai ba ne.”

“Kamar yaya?”

“Shi ne.”

“To kai fa?”

“Ni ma ni ne.”

Ya cire tabarau ya ce, “Malam, mutum ɗaya muka ba kati.”

Na ce, “Ku kuka ba mutum ɗaya. Mu a gidanmu mutum biyu ke ɗauke da shi, kuma wancan ya fi ni aiki da shi. Na janye ƙorafina, ba ni takarda in rubuta.”

Sai muryar lallashin ta tafi. Ya ce in na san mutumin kuma na janye, to na bari wani ya yi amfani da lambata ke nan, dokarsu kuwa a rufe asusun, sauran makin ma su ƙone. Na ce har da dubu sittin da huɗun da babu wanda ya taɓa? Ya ce har da su. Na ce shekara shida fa? Ya ce yana jin zafin abin a ransa. Ya ba ni minti biyar in sake tunani, na ce ya riƙe mintocinsa, sun fi ni bukata.

Ƙarami, a gabana ya ɗauko almakashi ya raba katin biyu. Bai isa ba, ya leƙo ta saman tebur ya ga ɗan tambarin zinariyar da ke rataye a jakata, ya ce shi ma kayan kamfani ne. Da hannuna na kwance masa shi. Irin mutanen da na ba wa ƙashin bayana ke nan. Na rubuta janyewar, ya buga hatimi, ɗan sanda ba zai sake zuwa shagonka ba.

Kada ka ɗauka na huce. Ban huce ba, kuma akwai maganganu a takardarka da sai na zo za mu yi su ido da ido. Wata bakwai dai wata bakwai ne. Ramlat ma zan yi mata faɗa, ka aika mata ta shirya.

Na sayi tikiti a wani kamfanin, ranar ashirin da takwas ga wata zan sauka a Kalikat da azahar, in sun ga dama. Kilo ashirin kawai aka ba ni, ka gaya wa unguwa ba na ɗauko saƙon kowa. Umma ba za ta je Umra bana ba. Kada ka karanta mata wannan wurin, gaisuwa kawai za ka karanta ka tsallake sauran. Ni na yi mata alkawarin, ni zan zauna a gabanta in gaya mata da bakina.

Takardar ɗakin kwanan kuma ka sauko da ita daga kabad kada danshi ya ci ta. Ka sa ta a leda ka ajiye min, ka nemo alƙalami mai rubutu.

Yayanka,
K. Assainar, uban Ramlat